Marigayi Floridor da Rigarsa Mai Hannu Ɗaya

Duk gaɓar nan tamu, daga Talcahuano har inda duwatsu suka ƙare ruwa ya karɓa, mutum ɗaya tak na sani da yake shafa wa kabarinsa fenti da hannunsa, ya gama, ya sauko gida ya sha shayi. Floridor ke nan, ɗan gwaggona Uberlinda. Ni ne Baldomero, ɗan kawunsa. Tun muna yawo ba wando nake tsokanarsa, kuma ban ga ranar dainawa ba. Marigayi nake kiransa. Yana amsawa.

Da kun gan shi yana saurayi, da kun ce a cikin jirgi aka haife shi aka yanke masa cibiya da ƙugiya. In ana bin kifin nan mai takobi a baki, shi ne ke tsayawa a kan katakon hancin jirgi da mashi a hannu. Igiyar ruwa ta ɗaga jirgin har ya gaisa da gajimare, ta sako shi tim, shi kuwa ko gezau, sai ka ce an kafe shi da ƙusa. Ni fa, ko miya aka girgiza a kwano a gabana sai cikina ya juya. Shi ya sa ya raɗa mini suna Mai-Amai, sunan ya bi ni har gaban fadan coci ranar aurena. Da babana ya ga ba ni da rabo a teku, makaranta ma malamin ya ce in tafi in huta shi ma ya huta, sai aka kai ni wurin kafinta. Ina liƙe jiragen mutane, ina kuma yin ƙananan akwatunan nan farare.

Floridor yana da ƙane, Rosamel. Siriri ne, mai jin sanyi kamar tsohuwar kyanwa. Gado ɗaya suke kwana tun suna yara har gemu ya fito musu, don Rosamel ba ya iya barci sai ya manna bayansa da na wansa. Jirgi ɗaya ubansu ya bar musu, ƙarami, mai shuɗin ciki. A cikinsa suka fita wata safiya a tsakiyar damina, lokacin sanyi, kafin azahar iskar arewa ta taso.

Ba su dawo ba.

Aka nema. Jiragenmu suka fita, na soja suka fita, aka zagaye tsibirin Quiriquina, aka leƙa kowane kogo. Abin da aka samo filafili ɗaya ne da wata jarka. Da masu nema suka gaji, sai aka yi abin da ake yi. In teku ta hana gawa, kayan mutum ake shimfiɗawa a kan tebur, a kunna kyandir, a yi masa addu'a, a sa su cikin ƙaramin akwati a hau da shi kan dutsen da ke kallon ruwa. Duk maƙabartar nan ta sama babu ƙashi ko ɗaya. Riguna ne, da wanduna, da takalma.

Gwaggo Uberlinda ta same ni a shago ina auna katako.

Ta ce, "Akwati ɗaya za ka yi."

Na ce, "Gwaggo, su biyu ne fa."

"Ni na haife su, ba sai ka ƙirga mini ba."

"Kowa da nasa ake yi, Gwaggo. Haka aka yi wa kakanmu da ƙanensa."

Ta ce, "Rosamel ba ya iya barci shi kaɗai. Ka yi shi da ɗan faɗi."

Fada ya yi magana, tsofaffi suka yi magana, ta dube su ɗaya bayan ɗaya har kowa ya tuna yana da abin yi a gida. Rigunan sanyi biyu ta zaɓa, na ulu, waɗanda ta saƙa musu da hannunta: ta Floridor baƙa, ta Rosamel ruwan toka. Ita kaɗai ta shiga ɗaki ta jera su, ta rufe murfin, sannan ta kira ni na buga ƙusa. Gicciye ɗaya aka kafa, na rubuta sunaye biyu da ranar da jirgin ya ɓata, don a danginmu ni ne mai ilimi.

Damina ta wuce, rana ta buɗe. Wata ranar kasuwa, mata suna bakin rumfar banda suna juya kifi a kan hayaƙi, sai motar gari ta tsaya, wani dogon abu ya sauko, ƙasusuwa ne da gemu a cikin wandon wani. Wallahi matan nan sun yi gudun da ko barewa sai dai ta ba su hanya. Wata ta faɗa cikin kwandon kifi, wata ta shige coci ta kulle fada a waje. Ni kaɗai na tsaya, ba don jarumta ba, ƙafafuna ne suka ƙi tashi.

Ya ce, "Mai-Amai."

Na ce, "Marigayi! Ya hanya? Ya mutanen can?"

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Inna tana gida?"

Labarinsa gajere ne, don bai taɓa tsawaita shi ba. Jirginsu ya kife, suka maƙale a bayansa. Wani ƙaton jirgin baƙi, irin masu satar kifi a ruwanmu, ya tsince shi. Su kuwa ba za su gaya wa kowa ba, tunda bai kamata a san suna wurin ba. Suka riƙe shi yana farke cikin kifi har lokacinsu ya ƙare, suka ajiye shi a wata tashar ruwa a Peru, ya biyo manyan motoci ya gangaro. In aka tambaye shi Rosamel, kalma biyu yake faɗa: "Sanyi ne." Daga nan ko da guduma ba ka ƙara ciro komai daga bakinsa.

Aka yi murna irin ta rabi da rabi. Gwaggo ta rungume shi tana leƙen bayansa.

Da jikinsa ya murmure, ya sauka bakin ruwa neman gurbi, tunda jirginsu ya tafi. Wanda duk ya tunkara sai ya ce mutanensa sun cika. Mutumin da a da ake rububinsa! Daga ƙarshe ya je wurin Baba Aladino, tsohon da ke da jirage mafi yawa, wanda in ya yi tari sauran masu jirgi sai su kama mura. Na bi shi, don ba na son a ba ni labari. Muka same shi yana ɗinkin koma, taba a gefen baki.

Floridor ya ce, "Baba, aiki nake nema."

Tsohon bai ɗago ba. Ya ce, "Ina rigarka baƙa?"

"Tana sama."

"To kai ma kana sama. Yaro, ba ƙinka ake yi ba. Mun hau da kai dutsen nan a kafaɗunmu, mun busa ƙahon jirage, mun ce wa teku ga naki, mun sallama. Ta ji. Yanzu in ta gan ka a jirgina, za ta zo ɗaukar kayanta, kuma ka san ba ta iya zaɓe ba. Da mutanena za ta haɗa."

Na ce, "Baba, ku shafa masa gawayi mana, ba za ta gane shi ba."

Ya ce, "Kai Mai-Amai, in manya na magana ka je ka nemi bokitinka." Ya juya ga Floridor. "Ka tono rigarka. Ka kankare sunanka daga gicciye. Ka sa ta a jikinka ka sauko nan kowa ya gani. Ranar nan zan ba ka hancin jirgi, ba ma tsakiya ba."

Abu mai sauƙi, ko? Shebur ɗaya da rabin yini. Muka hau gida. Gwaggo tana murza ƙullun burodi, ya gaya mata. Ba ta daina murzawa ba.

Ta ce, "A'a."

"Inna, rigata kawai zan ɗauka."

"Ka buɗe masa murfi iska ta shiga?"

"Inna, riga ce fa. Ulu ne."

Sai ta tsaya, ta goge hannu a zane. Ta ce, "Kai ka dawo, na gode wa Allah. Shi fa? Ba ni da gashin kansa, ba ni da farcensa. Wurin nan kaɗai nake da shi. In ka fita, wa zai zauna da shi? Sau ɗaya ka dawo ka bar shi, za ka sake na biyu?"

Na ga maganar ta shige shi kamar mashin da yake caka wa kifi. Ita ma ta gani, ta toshe baki da hannu, amma ta riga ta fita. Ya miƙe a hankali ya fice.

Na same shi a bayan shagona yana kallon ruwa. Na ce, "Marigayi, ranar Lahadi tana coci. Ni na buga ƙusoshin nan, na san inda kowace take. Kafin fada ya ce amin mun gama mun share wurin."

Ya ce, "Kullum sai ta hau. Ta san kwanciyar kowace tsakuwa."

"To mu sayi baƙar riga a gari, mu birkiɗa ta a taɓo."

"Aladino ya san saƙar Inna."

"To ka koma kudu, inda ba a san ka mutu ba."

Ya ce, "In bar ta da wa?"

Washegari Gwaggo ta ajiye masa shayi, ba ta dube shi ba, ta ce, "Bayan raina ka buɗe." Ya ce, "To, Inna." Maganar ke nan, ba su sake tayar da ita ba.

Haka Floridor, mai tsayawa a hancin jirgi, ya koma rumfar banda cikin mata. Yana faskare, yana hura wuta, yana jera kifi a kan sanda. Idanunsa suka yi ja da hayaƙi suka zauna a haka. In jirage sun dawo, yana cikin masu shiga ruwa zuwa gwiwa su jawo su kan yashi, amma ba mai barin sa ya ɗora ƙafa a ciki, ko jirgin na kan tudu. Yara in sun gan shi sai su yi alamar gicciye su ruga suna dariya. Ya nemi aure sau ɗaya, uban yarinyar ya ce shi ba ya ba da 'yarsa ga mutumin da ya riga ya yi kabari, don bai san ko amarya za a kira ta ba ko mai takaba.

Ni dai ban fasa aikina ba. In na wuce rumfar sai in ce, "Sannunku mata! Marigayi, zanenki ya kwance." Matan su kwashe da dariya, shi ya jefe ni da kan kifi. Ranar da bai jefe ni ba, na san ranar ta yi masa nauyi, sai in je in zauna kusa da shi in yi ta ƙarya har ya ce, "Kai Baldo, ka ji tsoron Allah."

Gwaggo kuwa ta ƙi mutuwa. Ba na ce yana jira ba, bai taɓa faɗa ba, kuma ba wanda ya kula da uwa kamarsa. Amma matar nan mutuwa ta zo ƙofarta ya fi a ƙirga, sai ta ba ta shayi da burodi ta ce ta dawo baɗi. Ta binne fada, ta binne wanda ya gaje shi, ta binne Baba Aladino. Ƙasa ta girgiza, teku ta shigo gari ta kwashe rumfar banda da shagona da rabin unguwa, aka same ta a kan dutse zaune a gefen kabarin, ta lulluɓe shi da bargo. Da ƙafafunta suka gaza, shi yake goya ta ya hau da ita kowace safiya, ya ajiye ta gaban gicciyen da ke ɗauke da sunansa, ya tsaya gefe har ta gama hirarta da Rosamel.

Ranar da ta tafi, a barci ta tafi, furfura ta riga ta cinye kan Floridor. Ita aka kai ta maƙabartar gari, ta masu gawa.

Da aka share makoki ya zo ƙofata da shebur a kafaɗa. Ana yayyafi. Ya ce, "Ɗauko abin cire ƙusa."

Muka hau, muna tsayawa muna haki kamar tsofaffin jakuna. Ya haƙa, ba zurfi. Akwatin ya yi baƙi amma bai ruɓe ba, aikina ne ai, ko jirgin soja ba a yi masa irin wannan haɗin ba. Na cire ƙusoshin. Ya ɗaga murfin.

Rigunan suna kwance gefe da gefe, baƙar a bayan mai ruwan toka. Ya kama tasa ya ja, sai ta Rosamel ta biyo ta. Ya sake ja, ta sake biyowa. Ashe ranar da Gwaggo ta shiga ɗaki ita kaɗai, ɗaure hannuwan ta yi, hannun dama na Floridor da na hagun Rosamel, ƙulli irin na masunta. Danshin shekaru ya bi ulun ya narkar da shi, ƙullin ya dunƙule ya zama curi ɗaya, ba ka gane inda baƙi ya ƙare toka ta fara.

Ya sa farce, ya sa haƙori. Ya durƙusa a taɓo yana fama, ruwa na bin wuyansa. 

Can ya ce, "Ba ni wuƙarka."

Na ba shi. Ya daɗe yana kallon hannuwan biyu. Sannan ya yanke nasa, daga kafaɗa, ya bar shi a ɗaure. Ya gyara wa rigar Rosamel kwanciya, ya ja hannun baƙar ya ɗora mata a ƙirji, ya ce in rufe da sauri, iska na shiga. Ya kankare sunansa daga gicciye da wuƙar. Ya cire rigar jikinsa, ya zura waccan, tana warin ƙasa, ta ɗame shi a ciki, hannu ɗaya tsirara. Haka ya sauko ta tsakiyar gari.

A bakin ruwa muka sami Heriberto, ɗan Baba Aladino, wanda ya gaji jiragen. Yana duba inji. Ya ɗago ya ce, "Kawu, lafiya? Kare ne ya cinye maka hannun riga?"

Floridor ya ce, "Na tono ta. Na kankare sunan. Babanka ya ce ranar da na sauko da ita zai ba ni hancin jirgi."

Yaron ya dube ni, ya dube shi. Ya ce, "Wai dama abin da ya hana ka fita ke nan? Kawu, ai Baba ko fito ka yi da baki a jirgi sai ya sauke ka. Wa yake bin waɗannan yanzu? Da ka zo tun bayan rasuwarsa, wallahi da na ɗauke ka. Mu mun zaci kai ne ba ka so."

 Injin yana ta ɗiga mai.

Heriberto ya sosa ƙeya. Ya ce, "Yanzu kuma ka ga, manyan jirage sun share kifin kusa, sai mun yi nisa sosai, aikin na yara ne. Mashi ma an daina. Amma bikin Waliyyi Pedro ya kusa. Ka zo ka hau nawa, mu ne a gaba. Ka tsaya a hanci yadda Baba ya ce."

Ranar bikin aka yi wa jirage ado da furannin takarda, aka ɗora gunkin waliyyin, masu ganga da ƙaho suka cika gaɓa. Floridor ya zo da rigarsa mai hannu ɗaya, ya kamo ni ta wuya ya ce sai na raka shi. Na ce, "Marigayi, kai ka saba mutuwa, ni ban taɓa ba." Ya jefa ni ciki.

Ya taka ya hau hancin jirgin. Cikin lungun gaɓarmu ruwa a kwance yake, ya tsaya ƙyam, iska na kaɗa furfurarsa, na rantse sai da na ga saurayin nan na da. Mata a gaɓa suna ɗaga masa hannu. Sai muka fita bakin lungu, muka haɗu da igiyar waje, wadda ba ta kai rabin waɗanda yake hawa a da ba. Ta farko ya yi tangaɗi. Ta biyu ya kama igiya. A ta uku fuskarsa ta koma kalar rigar Rosamel, ya sauko da rarrafe, ya zo gefen da nake rataye tun tuni, ya leƙa ruwa ya amayar da duk abin da ya ci tun ranar da aka yaye shi.

Muka jeru, ni da shi, kai a ƙasa, ganga na tashi a bayanmu. Na ce, "Sannu da zuwa unguwarmu. Ka ga dama can gida ɗaya muke."

Ya goge baki da hannun da ba riga. Ya ce, "Teku ba ta ma zo ɗauka ba, Baldo. Ta manta da ni."

Na ce, "Kai ma ka cika son a kula ka."

Bai jefe ni da komai ba.

Kwana kaɗan bayan haka ya zo da shebur kuma. Wannan karon ina ganinsa na ɗauki guduma da sababbin ƙusoshi. Ya ninke rigar, ya kwantar da ita a bayan ta Rosamel, ya haɗa bakin kafaɗar da hannun da ya yanke har suka yi kamar ba a taɓa raba su ba. Na rufe. Ya mayar da ƙasa, ya jera tsakuwoyin yadda Gwaggo take jera su. Sannan ya ciro gwangwanin fenti daga aljihu ya miƙo mini, ya nuna wurin da ya kankare.

Ya ce, "Rubuta."

Na rubuta sunan. Na ce, "Ranar fa? In bar wurin fili, sai ta zo?"

Ya ce, "Sa tsohuwar. Irin ta Rosamel."

Na sa.

Yana nan har yanzu, a sabuwar rumfar banda, yana hura wa jikokin matan da suka guje shi wuta. Duk shekara in damina ta kusa yakan hau da fenti, ya bi sunayen biyu a hankali, harafi bayan harafi, shi da bai iya karatu ba. Jiya na gan shi yana saukowa, farin fenti a gemunsa. Na ce, "Marigayi, ya ka baro su?"

Ya ce, "Da sanyi. Zo mu sha shayi."